Ganau da Jiyau a Gwantanamo

A ƙarshen mako na biyu na watan Yunin 2006, wani ɗan jarida mai suna Michael Gordon ya sauka a sansanin sojin ruwan Amurka da ke Gwantanamo, a kudu maso gabashin tsibirin Kyuba, shi da abokin aikinsa mai ɗaukar hoto, Todd Sumlin. Aikin da ya kai su ƙarami ne. Jaridarsu, Charlotte Observer, ta jihar North Carolina ce, kuma kwamandan sojojin da ke gadin fursunonin sansanin, Kanar Mike Bumgarner, ɗan wani ƙaramin gari ne na jihar da ake kira Kings Mountain. Labarin da aka aike su su rubuto irin wanda kowace jaridar gida ke so ne: ga ɗanmu can a ƙetare, an damƙa masa babbar amana. An daɗe da shirya ziyarar, kanar ɗin kuma ya yi maraba da mutanen jiharsu.

Sai suka tarar da gawa uku.

A daren Juma'a wayewar Asabar, 10 ga wata, fursunoni uku suka mutu a wani layin ɗakuna da ake kira Alfa, cikin Sansani na Ɗaya. Tun buɗe kurkukun a Janairun 2002 ba a taɓa sanar da mutuwar fursuna ba sai ranar. Kwana huɗu bayan haka aka cusa Gordon da Sumlin da wasu 'yan jarida biyu cikin jirgin soja aka fitar da su daga tsibirin.

Sai an san yadda ɗan jarida ke aiki a Gwantanamo a wancan lokaci kafin a gane abin da ya sa zaman waɗannan baƙi ya tsone wa ma'aikatar tsaron Amurka ido. Ba a zuwa sai da izinin soja. In ka sauka daga jirgin sama, jirgin fito ne zai ƙetare da kai zuwa ɓangaren da kurkukun yake, da soja ɗan rakiya a gefenka duk inda ka sa ƙafa. Tun farko ka sa hannu a takardar sharuɗɗa. Ba ka magana da fursuna, ko da shi ne ya ɗaga murya ya kira ka ta bayan waya. Ba ka ɗaukar fuskarsa a hoto. Da yamma wani soja zai karɓi kyamararka ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yi masa ba ya goge a gabanka. Hatta hotunan farko da duniya ta gani, na mutanen nan da ke durƙushe a kan tsakuwa cikin tufafi ruwan lemo, an rufe musu ido da kunne, wani sojan ruwa ne mai suna Shane McCoy ya ɗauke su ranar 11 ga Janairun 2002, ma'aikatar tsaro kuma ita ta raba wa jaridu da hannunta. Sunayen mutanen ma an shekara huɗu ana ɓoye su. Sai da kamfanin dillancin labarai na AP ya kai ƙara kotu ya yi nasara, sannan ranar 15 ga Mayun 2006 aka saki jerin sunaye 759 na waɗanda aka taɓa tsarewa a wurin.

Bahaushe ya raba masu ba da labari gida biyu, ganau da jiyau, kuma ko a gaban alƙali ya san wanda maganarsa ta fi nauyi. A Gwantanamo an tsara komai yadda ɗan jarida zai zama jiyau, jiyau ɗin ma daga baki ɗaya.

Kwana uku da fitar jerin sunayen, ranar Alhamis 18 ga Mayu, aka yi faɗan da kwamandan rundunar da ke kula da kurkukun baki ɗaya, Riya Admiral Harry Harris, ya kira mafi muni tun kafa kurkukun. A Sansani na Huɗu aka yi shi, kuma wannan shi ne abin mamaki, domin nan ne wurin da ake ajiye waɗanda soja ke ganin masu biyayya ne. Fararen kaya suke sawa. Mutum goma-goma suke kwana a ɗaki ɗaya, su ci abinci tare, su yi sallah cikin jam'i, su buga ƙwallo a tsakar gida. Nan ake kai manyan baƙi da 'yan jarida in ana son nuna musu cewa zaman lafiya ake yi.

Ga yadda soja suka ba da labarin. A ranar an tarar da fursunoni biyu a sume a wani sansanin, sun haɗiye ƙwayoyin magani da suka daɗe suna tarawa. Aka ba da umarnin bincike ɗaki-ɗaki. Da yamma wani mai gadi ya hango mutum a ɗaya daga ɗakunan Sansani na Huɗu yana ɗaura zanen gado a sama kamar zai rataye kansa. Aka turo sojojin ko-ta-kwana su goma. Suna shiga suka tarar an malale daɓen da ruwan sabulu da fitsari da bayan gida, santsi ya kwashe su, mutanen ɗakin suka far musu da fikafikan fanka da ƙarafunan fitilu. Kanar Bumgarner da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa a daidai lokacin an fara cin galabar yaransa. Aka yi feshin barkono, aka harba harsasan roba sau biyar, faɗan ya lafa. Fursunoni shida suka ji rauni.

Washegari Juma'a aka yi wa 'yan jarida wannan bayani ta wayar tarho, su suna Amurka, masu bayanin suna tsibirin. A ranar ce kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ya fitar da rahoto daga Janiba yana kira ga Amurka ta rufe kurkukun. Labaran biyu suka fita tare, kuma kowa ya san wanda ya fi jan ido tsakanin rahoton kwamiti da faɗan fikafikan fanka. Kalmar da ta zagaye duniya ita ce kwanton ɓauna. Daga kamfanonin dillancin labarai ta shiga jaridu, ta shiga gidajen rediyo, aka juya ta zuwa harsuna iri-iri. Mai sauraron rediyo da asuba a Kano ko Damagaram, abin da ke iso masa a irin wannan hali maganar da ta bi ta hannu uku ne ko huɗu, kuma in ka bi sawunta baya, a bakin kwamandan masu gadin za ta tsaya.

Su ma mutanen ɗakin suna da nasu labarin, sai dai hanyarsa doguwa ce. A wancan lokaci fursuna ba ya ganin kowa daga waje sai jami'an Red Cross, waɗanda ƙa'idarsu ta hana su faɗin abin da suka gani, sai kuma lauyansa in yana da shi. Lauyan zai zauna da shi ya rubuta abin da ya faɗa. In zai fita a karɓe takardun, a rufe su cikin ambulan, a aika wani ofishin sirri kusa da birnin Washington. Duk kalmar da ta fito daga bakin fursuna sirrin gwamnati ce har sai masu tacewa sun duba sun ce a sake ta. Hakan kan ɗauki makonni. Da bayanan suka fara fitowa, abin da fursunonin suka ce shi ne ba wanda ya yi wasan rataya, rikicin ya tashi ne a kan binciken da aka zo yi, da aka ce sai an bincike Alƙur'anansu su kuma suka ƙi.

Wannan magana ta zo wa editocin Amurka a lokacin da suke tsoron taɓa ta. Shekara guda kafin nan, a Mayun 2005, mujallar Newsweek ta buga ɗan gajeren labari cewa an wulaƙanta Alƙur'ani a Gwantanamo. Zanga-zanga ta ɓarke a Afganistan da wasu ƙasashe, aƙalla mutum 15 suka mutu, majiyar mujallar ta ja da baya, mujallar ta janye labarin ta ba da haƙuri. Bayan 'yan makonni binciken sojan kansu ya tabbatar da lokuta biyar da masu gadi ko masu tambayoyi suka yi wa Alƙur'ani abin da bai dace ba, amma abin da ya zauna a zukatan editoci shi ne janyewar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ba na ɗaukar masu gadin nan a matsayin dodanni. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, an gaya musu cewa mutanen da ke bayan wayar su ne mafi haɗari a duniya, kuma an sha watsa musu ƙazanta a fuska, wannan tabbas ne. Wanda santsi ya kayar a ɗakin da mutum goma ke jiransa, tsoronsa na gaske ne. Abin da ke damuna shi ne tazarar lokaci. Ɓangare ɗaya ya yi magana ranar Juma'a, duniya tana saurare. Ɗaya ɓangaren ya yi tasa bayan makonni, ta bakin lauya, a shafin ciki, lokacin da kasuwar labarin ta riga ta watse.

Bayan faɗan aka kwashe yawancin mutanen Sansani na Huɗu zuwa ɗakunan kaɗaici. Yajin cin abinci, wanda aka karya a farkon shekarar ta hanyar ɗaure mutum a kujera a zura masa bututu ta hanci, ya sake tashi, masu yinsa suka haura 80 a farkon Yuni. A cikin wannan yanayi aka kai daren 9 ga wata.

Mutum ukun da suka mutu duk sun taɓa yin dogon yajin cin abinci, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa gurfanarwa gaban kotu. Mani al-Utaibi, ɗan Saudiyya mai shekara 30, an riga an amince a mayar da shi ƙasarsu, amma ba a gaya masa ba. Ali Abdullahi Ahmad, wanda aka fi sani da Salah al-Salami, ɗan Yaman ne. Na ukun, Yasir al-Zahrani, shi ma ɗan Saudiyya, shekararsa 21. Yana da 17 aka kama shi.

A kan Yasir nake son in ɗan tsaya, domin rayuwarsa ta ratsa wurare biyu da suka sha bamban. A ƙarshen Nuwamban 2001 yana cikin ɗaruruwan mayaƙan Taliban da suka miƙa wuya ga dakarun Janar Abdul Rashid Dostum, aka zuba su a wata tsohuwar ganuwar laka da ake kira Ƙala-i-Jangi kusa da Mazar-i-Sharif. Ranar 25 ga wata fursunonin suka yi bore, suka kashe wani jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA mai suna Johnny Spann, suka kai ga rumbun makamai. Aka kwana bakwai ana ɓarin wuta, jiragen Amurka suna ruwan bama-bamai. Waɗanda suka rage suka maƙale a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Aka zuba musu mai aka cinna wuta, daga baya aka malala musu ruwan sanyi. Ranar 1 ga Disamba mutum 86 suka fito da rai, Yasir yana cikinsu.

Wannan ma faɗa ne tsakanin masu tsaro da waɗanda ake tsare da su, kuma ya fi na Gwantanamo muni nesa ba kusa ba. Amma a can 'yan jarida ganau ne. Akwai ayarin gidan talabijin na ARD na Jamus a cikin ganuwar lokacin da abin ya ɓarke, har ma da wayarsu ta tauraron ɗan'adam abokin aikin Spann ya nemi ɗauki. Wakilin mujallar Time, Alex Perry, yana wurin. Kyamarori sun ɗauki tambayoyin da aka yi wa fursunoni hannuwansu a ɗaure ta baya, sun ɗauki bom ɗin da ya kuskure ya faɗa kan nasu, sun ɗauki gawarwaki a tsakar ganuwar. Har yau ana gardama a kan wanda ya jawo abin, amma gardama ce a kan hotunan da kowa zai iya kallo. Yaron da ya fito daga wancan rami a gaban idon duniya, shekara huɗu da rabi bayan haka ya mutu a wurin da babu kyamarar kowa sai ta masu riƙe da makulli.

A Gwantanamo kuwa, da ranar Juma'ar nan ta 9 ga Yunin 2006, an zagaya da Bill O'Reilly na gidan talabijin ɗin Fox News, ɗaya daga masu goyon bayan kurkukun, aka nuna masa wurin, ya ɗauki shirinsa ya tafi. Da dare aka yi mutuwar.

Ranar Asabar Admiral Harris ya sake kiran 'yan jarida ta waya. Ya ce an tarar da mutanen uku a rataye da igiyoyin da suka tufka daga zannuwan gado da tufafi. Sai ya ƙara da maganar da ta bi shi har yau: cewa waɗannan mutane ba su ɗauki rai a bakin komai ba, nasu ko na wani, kuma a ganinsa abin da suka yi ba fid da tsammani ba ne, wani salon yaƙin sunƙuru ne da suka ƙaddamar a kan Amurka. Wata jami'ar ma'aikatar harkokin waje, Colleen Graffy, ta gaya wa BBC cewa dabara ce mai kyau ta jan hankalin duniya. Maganarta ta yi ɗaci har ma'aikatar tata ta nesanta kanta da ita. A lokacin ko binciken gawa ba a kammala ba, amma an riga an ba mutuwar suna da ma'ana.

Shi kuwa Michael Gordon yana ciki. Kanar Bumgarner bai sallami baƙinsa ba. Ya bar ɗan jaridar yana biye da shi, har ya zauna a taron da kanar ɗin ya yi da hafsoshinsa, yana ji yana rubutawa. Abin da ya buga a farkon makon ba a taɓa ganin irinsa daga wurin ba. Ya nuna kwamanda cikin fushi da gajiya, mutumin da a bazarar 2005 ya zauna da wakilan fursunoni, cikinsu har da tsohon jakadan Taliban a Pakistan, Abdul Salam Zaeef, yana neman sulhu a kan abinci da ruwan sha, yanzu yana cewa yarda ta ƙare, babu abin amincewa ko ɗaya a cikinsu, da zagin da jaridar ta kasa bugawa cikakke. A cikin rahotannin kwanakin ne kuma aka ji daga bakin kanar ɗin wani abu da sanarwar farko ba ta ambata ba: kowane ɗaya daga mamatan an same shi da dunƙulen ƙyalle a baki.

Wasu 'yan jarida biyu suka samu isowa. Carol Rosenberg ta Miami Herald, wadda take wurin tun ranar da aka sauke fursunoni ashirin na farko a 2002, da Carol Williams ta Los Angeles Times. Da ma an shirya za su zo sauraron shari'ar kotun soja, aka soke zaman saboda mutuwar, suka nemi izinin Admiral Harris ya ba su, suka biyo ƙaramin jirgin haya. Sun fara yin abin da ɗan jarida ke yi in ya samu kansa a wurin da abu ya faru, wato tambayar wannan, tambayar wancan, a gwama amsoshin. Sai umarni ya zo daga ofishin sakataren tsaro Donald Rumsfeld cewa duk su huɗun su bar tsibirin ranar Laraba 14 ga Yuni. Dalilin da kakakin ma'aikatar ya bayar shi ne wasu kafofin labarai sun yi ƙorafin an fifita waɗannan a kansu, don haka adalci shi ne a fitar da kowa. Akwai wata hanyar yin adalcin, a shigo da kowa, amma ba ita aka bi ba. Bumgarner kansa aka dakatar da shi, aka bincike shi kan ko ya saki sirrin gwamnati a gaban baƙonsa. Daga baya aka wanke shi.

Ɗan jarida ɗaya ya rage a Gwantanamo, kuma shi ba a iya korarsa domin a cikin keji yake. Sami al-Hajj, ɗan Sudan, mai ɗaukar hoto na Aljazeera, an kama shi a kan iyakar Pakistan da Afganistan a Disambar 2001 yana kan hanyar aiki, aka ba shi lamba 345. Sama da shekara shida ya yi a tsare ba tuhuma, sai a Mayun 2008 aka sauke shi a Khartoum a kan gadon marasa lafiya bayan yajin cin abinci na fiye da shekara. Shi ganau ne na gaske, kuma abin da ya tara yana bin hanyar nan ta ambulan da masu tacewa ta hannun lauyansa, Clive Stafford Smith. Da ya zana hotunan yadda ake yi musu ɗurar abinci aka hana su fita, sai lauyoyi suka siffanta zanen da kalmomi, wani mai zane a Ingila, Lewis Peake, ya sake zana su daga siffar da aka ba shi. Bayan mutuwar mutum ukun ma wannan siririyar hanya ta ƙara ƙuntata, domin masu bincike sun kwashe takardun fursunoni masu nauyin kusan rabin tan, har da wasiƙun da ke tsakaninsu da lauyoyinsu, bisa zargin cewa ta nan aka kitsa abin.

Hukumar binciken laifuka ta sojin ruwa, NCIS, ta ɗauki shekara biyu kafin ta ce ta gama a 2008: kashe kansu suka yi. Takardun da aka saki sun haura shafi dubu, an shafe wurare da yawa da baƙin tawada. Wani malamin shari'a a jami'ar Seton Hall, Mark Denbeaux, ya zauna da ɗalibansa suka bi su layi-layi, suka fitar da rahoto a Disambar 2009. In aka bi labarin hukuma, in ji su, kowane ɗaya daga mutanen ya tufka igiya, ya jera kaya a gado kamar mutum na barci, ya rataya bargo ya tare gani, ya cusa wa kansa ƙyalle har maƙogwaro, ya ɗaure hannuwansa, ya hau abin wanke hannu ya rataye, su uku a ɗakunan da ba sa jere da juna. Sannan suka yi aƙalla awa biyu a rataye, har gawa ta sandare, a layin da masu gadi biyar ke lura da mutum 28 ta cikin wayar da ake hango komai. Ba a hukunta mai gadi ko ɗaya ba.

Sai ga wani ganau daga inda ba a zata ba. Saje Joseph Hickman yana cikin sojojin da suka shiga ɗakin nan na Sansani na Huɗu ranar 18 ga Mayu, har lambar yabo aka ba shi. Daren 9 ga Yuni shi ne shugaban masu gadin hasumiyoyi. Ya riƙe abin da ya gani har Barack Obama ya hau mulki a 2009, sannan ya nemi Denbeaux. Ya ce daga hasumiyarsa ya ga farar motar ɗaukar fursunoni ta yi sawu uku daga Sansani na Ɗaya, kowane sawu da mutum guda, ta nufi hanyar wani ɓoyayyen gini a wajen shinge wanda sojoji ke kira Camp No, wato in an tambaye ka ka ce babu shi. Ya ce wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi motar ta dawo ta ja da baya zuwa ƙofar asibitin kurkukun, ba a jima ba wuri ya hargitse. Ya ce shi da yaransa ba su ga an ɗauko kowa daga layin Alfa zuwa asibitin ba. Ya kuma ce da safe Bumgarner ya tara masu gadi ya gaya musu cewa sun san ƙyalle mutanen suka haɗiya, amma a labarai za su ji an ce rataya ce, kada wanda ya musa. Wasu sojoji uku suka goyi bayan sassan maganarsa.

Scott Horton ya buga wannan a mujallar Harper's a farkon 2010, kuma a 2011 aka ba labarin babbar kyautar mujallun Amurka. Nan da nan gardama ta tashi. Bumgarner ya ƙaryata da kakkausar murya. Ma'aikatar shari'a ta ce ta duba ba ta samu hujja ba. Wani marubuci a mujallar Adweek, Alex Koppelman, ya bayyana cewa manyan kafofi da dama sun ga labarin tun kafin Harper's, suka bincika, suka ajiye shi. Masu suka suka ce Hickman mai gadin waje ne, daga hasumiya ba ya iya sanin wanda ke cikin mota, kuma gomman shaidun da ke cikin layin sun yi rantsuwa a kan abin da suka gani. Waɗannan ba ƙananan hujjoji ba ne, kamar yadda tambayoyin ɗaliban Seton Hall su ma ba ƙanana ba ne. Abin da nake gani shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi waɗannan tambayoyi shi ne makon farko, sa'ad da igiyoyin da littafin shige da fice da direban motar da ma'aikatan asibitin duk suna wuri ɗaya, ba wanda ya riga ya daidaita maganarsa da ta wani. A wannan makon ne aka sa masu tambaya huɗu a jirgi.

Mahaifin Yasir, Talal al-Zahrani, tsohon babban hafsan 'yan sandan Saudiyya ne, mutumin da ya san gawa da bincike. Da aka kawo masa gawar ɗansa ya duba ta da idonsa, ya ce ya ga alamun duka, kuma bai taɓa yarda cewa yaron ya kashe kansa ba. Iyalan al-Salami suka nemi a sake binciken tasu gawar, aka kira wani ƙwararren likita daga Lausanne ta ƙasar Suwizalan, Patrice Mangin. Ya tarar an cire maƙogwaro da ƙasusuwan wuya, sassan da likita ke dubawa don ya bambance rataya da shaƙewa. Ya rubuta wa hukumomin Amurka yana neman su, ba a aiko ba. Iyalan biyu suka kai ƙara a Washington. A 2010 kotu ta kori ƙarar, a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, bisa hujjar cewa dokar da majalisar Amurka ta yi a 2006 ta cire wa kotuna hurumin sauraron irin wannan ƙara. Ba a kira shaida ko ɗaya ba. Harry Harris ya ci gaba da hawa har ya zama kwamandan dukkan dakarun Amurka na yankin tekun Pasifik, daga baya jakada a Koriya ta Kudu.

Ranar 13 ga Afrilun 2013, da asuba, aka sake gwabzawa, wannan karon a Sansani na Shida. Fursunoni masu yajin cin abinci sun rufe kyamarorin tsaro da kwalaye, sojoji suka shiga don mayar da su ɗakunan kaɗaici, aka harba harsasai huɗu marasa kisa. Ayarin Red Cross ya bar tsibirin sa'o'i kaɗan kafin nan, kuma babu ɗan jarida ko ɗaya a sansanin. Bayan 'yan kwanaki aka shigo da su, aka jera musu sandunan tsintsiya da na goge daɓe da aka ce da su aka yi faɗan, suka ɗauki hoto. Yajin ya ci gaba har masu yinsa suka kai 106 cikin fursunoni 166. Kowace rana Carol Rosenberg kan tambayi kakakin rundunar mutum nawa ne yau, nawa ake yi wa ɗura, ta rubuta adadin a wani jadawali da Miami Herald ke bugawa. A farkon Disambar wannan shekara rundunar ta sanar cewa ta daina ba da adadin.